Filin Tambayi Makanike: Motata ta duƙa ta gaba, in ɗaga ta ko in barta haka?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan makon saƙonnin da suka fi yawa duk akan ƙafar gaba ne, kuma ban yi mamaki ba tunda damina ta kankama hanyoyin ƙauye sun fara cin ƙasan motoci. Na zaɓi guda biyar, ta farko zan daɗe a kanta dan amsarta ta shafi sauran.

Tambaya: Salam Oga makanike, Allah ya ƙara basira. Ina da Hilux ƙirar 2012, da ita nake zuwa gona wajen Dandume ina ɗauko taki da masara. Matsalata gaban motar ya fi bayan ƙasa sosai, in ka hango ta daga gefe kamar ta sunkuya, kuma in na shiga kwazazzabo ƙasan gaban yana dukan ƙasa. Wani yace in saka sifesa, wato ƙarfen da ake ɗorawa a saman shok dan a ɗaga mota, mai inci 3, wani abokina kuma yace ba sai na kashe kuɗi ba mai walda zai yanko min ƙarfe ya ɗora. Wanne zan bi? Daga wani manomi a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, amin na gode. Kafin mu je ga wanne zaka bi bari in fara da abun da mutane da yawa basu sani ba, wannan sunkuyon da kake gani ba lallai bane ciwo ne. Kamfani da gangan yake fito da akori-kura bayanta ya ɗara gaba, saboda an yi ta ne dan lodi, sifirin ɗin baya mai falle-falle an yi mai tsayi da tauri dan in ka zuba mata kaya ta zauna ta dawo lebur. Kai da kake ɗaukar buhun masara mai kilo 100, in ka jera bakwai ko takwas a baya ai ka ga yadda take zama. Toh ka ɗauka ka daidaita gaba da baya tana wayam babu komai, ranar da ka loda ta hancin zai kalli sama, fitila ta daina haska titi ta koma haska idon masu tahowa, sitiyari yayi sakwaf a hannunka dan nauyi ya bar tayoyin gaba, birki ma ba zai kama yadda ka saba ba. Masu daidaita irin wannan mota ta zama lebur tas yawanci mutanen da basa ɗaukar kaya ne, kwalliya suke nema, kai kuwa motarka ta nema ce.

Dan haka abu na farko awo, kar ka sayi komai kar ka bari a kwance ko noti ɗaya sai ka auna. Ka samu waje mai lebur, daɓen siminti irin na gidan mai ya fi, ka sauke duk tarkacen da ke baya, iskar tayoyi huɗun ta zama daidai, tanki a cike ko kusa da cika. Ka ɗauki tef ɗin tela ko na kafinta ka auna daga tsakiyar wili zuwa bakin fenda a miƙe, kowace ƙafa ka rubuta. Daga tsakiyar wili nace ba daga ƙasa ba, saboda in ka auna daga ƙasa taya zata ruɗe ka, wata ta cinye wata sabuwa, wata iskarta ta ragu. In kana da wanda yake da irin motarka wadda bata sha wahala ba ka roƙe shi ka auna tashi ma, sai ka kwatanta. In gabanka daidai yake da nashi toh motarka lafiyarta ƙalau haka aka ƙera ta. In kuwa naka ya faɗi da santimita 2 ko 3 to sifirin ɗin gaba ne ya gaji, kuma motar 2012 da ta shekara goma sha tana bin burji wannan ba abun mamaki bane. Maganin sifirin da ya gaji sabon sifirin ne, in ka ɗora sifesa akan gajiyayye tsayin zai dawo na ɗan lokaci amma laushin yana nan, zata ci gaba da nitsewa in ta faɗa rami. Kuma dan Allah a daina ɗora laifin akan shokozoba, da yawa ana zuwa min ana cewa mota ta yi ƙasa a canza shok, shok ba shi ke riƙe tsayin mota ba aikinsa hana ta rawa bayan ta taka gargada, mai ɗaukar nauyin shine sifirin.

Yanzu maganar inci 3. Hilux irin taka, wato samfurin da aka yi daga wajen 2005 zuwa 2015 da ake ce ma Vigo, da wadda ta biyo bayanta, ƙafar gabanta kowace taya zaman kanta take, akwai hannun sama da hannun ƙasa, masu gyaran ƙafa suna cewa ofa am da lowa am, sai shok da koyil sifirin a haɗe wuri ɗaya suna zaune akan hannun ƙasan. Abun lura anan shine shok ɗin ba a kan taya yake ba, yana wajen tsakiyar hannun ne, dan haka duk kaurin da ka ƙara a samansa taya tana ninka shi, kusan ninki biyu a irin wannan motar. Sifesa mai kaurin inci 1 zai ɗaga maka gaba kusan inci 2. Kaga kenan in wanda ya baka shawara kaurin ƙarfen yake nufi da inci 3 to wannan ko shiga ba zai yi ba sai da dambe, in kuma tsayin da motar zata ƙaru yake nufi to shima ya wuce abun da ƙafar zata ɗauka ba tare da an canza wasu kayan ba.

Ga dalili. Taya tana da tafiya biyu, tana hawa sama in ta taka tudu, tana sauka ƙasa in ta tarar da rami, kuma iyakar wannan tafiyar a ƙayyade take. In ka ɗaga motar ba ƙara tafiyar kayi ba, ka matsar da inda ƙafar ke tsayawa ne kawai zuwa kusa da ƙarshen saukarta. Hannayen biyu sai su karkata ƙasa, boljoyin ɗin sama, wato gaɓar da ta haɗa hannun sama da ƙafar taya, ya riƙa aiki a ƙure, wani lokacin hannun sama har ya riƙa dukan koyil kana jin ƙwas ƙwas in ka sauka daga kan bamp. Shaf ɗin gaba mai kai ƙarfi taya in ka sa fowil, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja, shima da yake kusan a miƙe yake yanzu ya koma a karkace, robarsa tana goga kanta har ta yage, giris ya fice yashi ya shiga, bayan wata biyu uku ka fara jin ƙas ƙas ƙas in ka karya kwana. Tayarod, sandar da ke kai juyin sitiyari ga taya, ma haka. An taɓa jawo min wata Hilux da igiya daga hanyar ƙauye, tayar gaba ta kwanta gefe ɗaya kamar an karya ƙafar akuya, boljoyin ya fice, da na leƙa sai na tarar an tura mata wani ƙaton ƙarfe da aka yanko aka fasa ramuka da wuta, ko lebur ba a yi mai ba. Allah ya taƙaita direban a hankali yake tafiya kuma mata da yara ne a baya. Tun ranar duk wanda yazo min da maganar ƙarfen mai walda a saman shok nake ce mai a'a, ba dan na raina masu walda ba, aikinsu ne ke riƙe da rabin garejinmu, sai dan wannan wajen nauyin gaban mota gaba ɗaya da inji akansa yake kuma yana buƙatar abun da aka yi a injin dabara da awo, fuska biyun su zama lebur, ramukan su zauna daidai, kusoshin su zama masu ƙarfi.

Akwai wata illa kuma ta sifesa mai kauri da ba a cika faɗa ba. Akwai roba mai tauri da aka sa dan ta tare ƙafa in mota ta faɗa babban rami. In ka tura shok ƙasa da yawa, sai ya zama shok ɗin ya riga kaiwa ƙarshensa kafin ƙafar ta taɓa wannan robar, duk dukan ya sauka akan shok, ya lanƙwashe ko ya karye ta gindi. A kwalta bazaka taɓa sani ba, a hanyar gona da lodi ne zai nuna maka.

Toh me zaka yi? In awo ya nuna sifirin ya gaji ka sa sabon shok da sifirin na gaba duka gefen biyu tare, kar ka canza ɗaya ka bar ɗaya, kuma in na Beljiyam zaka saya a Ƙofar Ruwa ko Panteka ka tsaya a cire maka guda biyu na mota ɗaya ka jera su ƙasa ka ga tsayinsu ɗaya ne, dan na Beljiyam shima wani ya riga ya gajiyar da shi a wata ƙasar. Sau da yawa wannan kaɗai ke dawo da santimita 2 zuwa 3 ɗin da suka ɓata mutum yace ai shikenan ya isa. In kuma kana son ƙari saboda kwazazzabon, ka tsaya a inci 1 da rabi, iyaka inci 2 wato milimita 50, kar ka wuce, kuma ka bar bayan ya ɗara gaba ko da inci 1 ne saboda lodinka. In aljihu zai iya, saitin shok da sifirin da aka ƙera musamman dan ƙarin tsayi ya fi sifesa nesa ba kusa ba, irin na Old Man Emu ko Ironman 4x4 ko Dobinsons, duka ukun kamfanonin Ostareliya ne inda ake wahalar da Hilux a daji kamar yadda muke yi, sai dai da tsada kuma akwai jabu, ka san wajen wanda kake saye. In sifesa ɗin ne dai to na kamfani, kaurinsa kar ya wuce milimita 25.

Wajen ɗaurawa ka tsaya akan motarka ka lura da abu biyu. In za a raba koyil da shok dole sai da abun matse sifirin na gaskiya, ba igiya ko waya ba, ba kuma yara biyu su danne da ƙafa ba, koyil ɗin Hilux in ya kuɓuce yana iya kashe mutum. Na biyu, kusoshin da suka ratsa bushin, kamar na gindin shok da na hannun ƙasa, ba a ɗaure su tamau mota tana rataye a jak, sai an sauke ta ta zauna da nauyinta sannan a ƙarasa ɗaurewa, in ba haka ba robar bushin ɗin a murɗe zata zauna kuma bazata yi wata shida ba. Daga nan kai tsaye wajen alaimen, sannan da daddare ka haska bango ka sauke fitila.

Tambaya: Ranka ya daɗe, Land Cruiser 100 gare ni, ina yawan bin hanyar Tahoua zuwa Agadez. Gaban ya yi ƙasa sai wani makanike ya shiga ƙarƙashi ya ɗaure wasu noti biyu, cikin minti ashirin ta tashi, na ji daɗi. Amma yanzu tafiyarta ta koma kamar amalanke, kowane rami sai naji dum a gaba. Me ya lalace? Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi.

Amsa: Alhaji Allah ya tsare hanya. Mai yiwuwa babu abun da ya lalace tukunna, an dai wuce gona da iri ne. Land Cruiser 100 da aka yi daga 1998 zuwa 2007, mai ƙafar gaba rabe wato kowace taya zaman kanta take, bata da koyil a gaba, abun da ke ɗauke da ita wata doguwar sandar ƙarfe ce a kowane gefe da ake kira toshin ba, kanta ɗaya a jikin hannun ƙasa, ɗayan kan kuma can baya wajen ƙasan kujeru inda wannan notin yake. Sandar murɗewa take yi in taya ta hau sama sai ta warware ta dawo da ita. Tsofaffin Hilux masu fowil na kafin 2005 da yawansu haka suke, da Pajero na shekarun 1990, da Nissan D22. Ɗaure notin yana juya gindin sandar sai ƙafa ta sauka mota ta tashi, halas ne an yi shi ne dan a daidaita tsayi in sandar ta saki, amma yanada iyaka.

Dum ɗin da kake ji ƙafa ce ke kaiwa ƙarshen saukarta. Mutane suna cewa ɗaure notin ya sa sandar ta yi tauri, a gaskiya taurin ƙarfen bai canza ba, wajen da taya zata sauka ne ya ƙare, kowane ɗan rami shok ya miƙe har ƙarshe ya fizgo bodin ƙasa. A hanyar da kake bi mai dogon gargada wannan zai kashe shok da boljoyin da robar shaf, kuma tayar gaba tana barin ƙasa ba tare da ka sani ba, wanda shine ya fi bani tsoro a gudu.

Ga gwajin da zaka yi. Ka auna daga tsakiyar wili zuwa fenda motar tana ƙasa, sannan a sa jak a shasi a ɗaga har tayar ta rataya a iska a sake aunawa. Bambancin shine abun da ya rage ma ƙafar na sauka. Ni a garejina bana barin ta fita da ƙasa da santimita 6, in ka samu 3 ko 4 to a sassauta. Kuma ba a taɓa wannan notin da nauyin mota akai, a ɗaga ta tukunna, a wanke zaren a zuba mai ya jiƙa dan ƙurar hamada tana cinye shi, a sa alama da fenti a riƙa ƙirga zagaye, a sauke, a ɗan zaga da ita ta zauna sannan a sake awo. Ba dole gefen biyu su ci zagaye ɗaya ba, tef ne alƙali. In notin ya kai ƙarshen zarensa motar bata tashi ba to sandar ta saki sosai, ana iya zare ta a matsar da haƙori ɗaya a mayar, ko a sa sababbi, kuma sandunan akwai ta hagu akwai ta dama da alama a jikinsu, in aka musanya suna iya karyewa. Tunda an shiga ƙarƙashin ka sa a goge inda sandar ta kama hannun ƙasa a duba da tocila, wannan ƙirar an santa da tsagewa a wajen in tana shan gargada da nauyi, har akwai ƙarfen ƙarfafawa da ake sayarwa dan shi.

Wani abu kuma ga masu Lexus LX470 da wasu Land Cruiser 100 masu maɓallin ɗagawa da saukewa, naku daban ne, mai ne da famfo da kwamfuta ke riƙe tsayin, in kun ɗaure notin kwamfutar zata mayar da ita inda take so, sai wanda ya san tsarin ya taɓa.

Tambaya: Malam barka da aiki. Prado ɗina ta karkata gefen direba, yarana ne ma suka fara lura. An ce min wai shasi ne ya lanƙwashe, hankalina ya tashi. Daga wata malamar asibiti a Kaduna.

Amsa: Hajiya ki kwantar da hankalinki, in motar bata taɓa yin haɗari mai ƙarfi ba da wuya ace shasi ne. Karkata gefen hagu sananne ne a manyan motocin Toyota masu sitiyari a hagu irin namu, dan kullum direba a wannan gefen yake ko da babu kowa a motar, kuma a da yawansu tankin mai ma a gefen yake, lita 80 na fetur kusan kilo 60 ne, shekara da shekaru sifirin ɗin gefen yana ɗaukar fiye da ɗan'uwansa dole ya riga shi gajiya. Ki fara zuwa wajen mai faci a daidaita iska, sannan a auna ƙafa huɗun a waje mai lebur yadda na faɗa ma Alhaji na Funtuwa. Bambancin santimita 1 ko ƙasa da haka ki manta da shi. In ya kai 2 ko fiye a duba ko koyil ya karye ta ƙasa inda ido baya gani, kuma a duba baya da kyau, dan sau da yawa ciwon a baya yake amma sai ya nuna a gaba, in bayan hagu ya zauna gaban dama tashi yake yi. Wasu Prado ɗin suna da balan-balan na iska a baya maimakon koyil, in ɗaya yana yoyo zaki ga da safe ta kwanta in an tada inji ta miƙe. Wasu kuma suna da tsarin da ake kira KDSS mai aiki da mai, shima yana sa karkata in bai daidaita ba. In duk an duba babu komai sai 'yar gajiya, akwai siririn sifesa na milimita 5 zuwa 10 da ake sawa a gefen da ya faɗi kawai, wannan aikin da sifesa ya dace da shi kenan.

Tambaya: Oga ina tuƙa Land Cruiser 79 ta wajen aikinmu, muna hawa Mambila zuwa Gembu. An sa mata bambar ƙarfe da winci sai gaban ya zauna, aka sa dogon koyil ta tashi, amma yanzu tana yawo a titi sitiyari baya dawowa da kansa bayan kwana, wani lokacin in na taka rami sai gaban ya kama karkarwa. Daga wani direba a Jalingo.

Amsa: Ƙanena wannan kar ka sake hawa dutsen da ita sai an gyara, hanyar Gembu kwana ce akan kwana ga rami a gefe. Sa sabon koyil ɗin daidai ne, bambar ƙarfe da winci in ka haɗa suna iya kai kilo 80 zuwa 100 kuma a can ƙarshen hanci suke, nauyi irin wannan sifirin mai ƙarfi yake so, sifesa baya maganinsa. Inda aka yi kuskure, ina zargin dogo aka nema maimakon mai ƙarfi, kuma aka tsaya a nan.

Ita 79 ba kamar Hilux bace, gabanta aksil ne guda ɗaya sambal daga taya zuwa taya, tun 1999 aka koma sa mai koyil a gaba aka bar falle a baya. Hannaye biyu dogaye ne suke riƙe aksil ɗin daga shasi, in mota ta tashi hannayen suna karkata sai su juya aksil ɗin gaba kaɗan, abun da masu alaimen ke kira kasta ya ragu. Kasta shine ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa kuma mota ta riƙe hanya, kamar yadda ƙahon keke yake kwance baya kaɗan shi yasa yaro ke iya sakin hannu yana tafiya. Da ya ragu sai yawo. Ana gyara shi da bushin na musamman mai rami a gefe da ake sawa a hannayen, ko faranti in tsayin yayi yawa. Sannan akwai sandar da ke kwance a gicciye tana hana aksil zamewa hagu da dama, in an ɗaga mota tana jan aksil ɗin gefe ɗaya, ka tsaya a gaba ka duba zaka iya ganin taya ɗaya ta fi leƙowa waje, akwai irinta mai zare da ake daidaitawa. Karkarwar kuma yawanci wasa ne a wani waje, wato wani abu ya saki yana motsi, bushin ɗin wannan sandar, ko tayarod, ko boris na wili da na kingfin, ko taya ba balansin, ƙarin tsayin ne ya tono shi. Wani zai ce ka sa sabon shok ɗin sitiyari, zai ɓoye karkarwar na ɗan lokaci amma wasan yana nan. Ka faɗa ma shugabanninku a rubuce, kuma ka tuna duk motar da aka ɗaga ta fi saurin kifewa a kwana, balle in an ɗora kaya a rufi.

Tambaya: In na ɗaga gaba inci 1 kacal dole sai nayi alaimen? Kuma ba gara in sa manyan tayoyi ba? Daga wani ɗalibi a Zariya mai tuƙa motar babansa.

Amsa: Dole ne ɗana, ko rabin inci ne. A ƙafar gaba rabe duk motsin tsayi yana canza kwanciyar taya da inda bakinta ke kallo, zaka cinye sababbin tayoyi ta gefe ɗaya cikin 'yan watanni kuma kuɗin taya ɗaya ya ninka na alaimen sau da yawa. Ka je inda ake da na'ura ka ce a duba kamba, wato kwanciyar tayar, da kasta ma ba tayarod kaɗai ba, kuma kar kayi mamaki in ance kusoshin saiti na hannun ƙasa sun ci tsatsa sun ƙi juyawa, a Hilux da Prado ruwan dare ne, sai an yanke an sa sababbi da giris.

Maganar taya kuwa tunaninka yayi kyau, dan ɗaga ƙafar gaba baya ɗaga tulun aksil ɗin baya ko kaɗan, taya ce kaɗai ke nisanta shi da ƙasa. Amma ka san lissafin, daga 265/65R17 zuwa 265/70R17 tsayin tayar gaba ɗaya yana ƙaruwa da wajen milimita 26, rabinsa ne kawai wato 13 ke zama ƙarin tsayi a ƙasan mota, agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya da kamar kashi 3 cikin 100, mai zai ɗan ƙaru. Kafin ka biya a ɗaura guda ɗaya a gaba a karya sitiyari har ƙarshe hagu da dama a ga ko tana gogar roba ko shasi, a sayi biyar har da safaya dan fowil baya son tayoyi masu girma daban-daban, kuma ka fara tambayar Baba tukunna tunda motarsa ce.